Kantar da Ke Ƙamshin Ƙosai

Ranar da kuɗin gas ya haɗiye kuɗin lodi,
Oga Barau ya kashe Kanta a ƙofar gareji,
ya zauna kan tsohuwar taya, ya daɗe bai tanka ba.
Panteka na ta dukan ƙarfenta kamar kullum.
Can ya ce, "Tanimu, ɗauki jarka biyu,
ka bi masu suya."

Na bi su.
Lantana mai ƙosai a Tudun Wada,
Mama Kyauta mai kifi a Sabon Tasha,
da wani mai doya da ƙwai a Kawo
da ya yi mini kallon taɓaɓɓe.
Man da ya yi baƙi, ya gaji da kasko,
wanda ba shi da makoma sai kwata,
shi nake nema.
Lantana ta tsiyaya mini tana tsaki:
"In tsubbu za ku yi, ban da sunana."

Kwana bakwai ya kwanta a duro.
Ruwa ya sauka ƙasa, ɓurɓushin wake ya bi shi.
Muka ɗaure ƙafar tsohon wando muka tace,
ɗis,
ɗis,
har na haddace kiran sallar masallatai uku.

Oga ya ɗiga shi a yatsa, ya murza.
"Ka ga kaurinsa? Tsoho ne da asuba,
sai ya ji ɗumi gwiwarsa ke saki."
Ya yi wa ƙaramin tanki walda a bayan kujera,
ya naɗe bututun jan ƙarfe a tiyon lagireto
kamar warwaro a hannu,
ya kafa bawul kusa da giya, ya ja kunnena:
"Da gas za ka tayar, da gas za ka kashe.
Tsakaninsu ne rabon gyaɗa."

A kan gada, kogi na cike da ruwan Yuli,
allurar zafi ta kai tsakiya.
Na yi bismillah, na murɗa.
Kanta ta yi tari ɗaya,
ta yi kamar mai tunani,
sai muryarta ta yi laushi, ta miƙe.
Salansa ta saki ƙamshin karin kumallo.
'Yan acaɓa suka bi mu suna buɗa hanci,
ɗan sanda a shinge ya leƙo:
"Ina nawa ƙosan?"

Da dare na ba Inna labari ina dariya.
Ba ta yi ba.
Ta karkata kwalbar manta a kan miya,
ta jira ɗigo na ƙarshe, ta lashe murfin.
"Yanzu mota ma ta shigo layin cinmu?"
Na ce ragowa ce, Inna, ragowa kawai.
Ta ce, "Ragowar wani, tukunyar wani."

Sai ranar Kachia.
Lodin citta, ruwan sama tun la'asar, barci a idona,
na kashe mota ban mayar da bawul ba.
Da safe man ya daskare a jijiyoyinta kamar kakide.
Makulli ya yi kuka, batir ya yi kuka,
Oga bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Ya miƙo mini butar mai shayi:
"Je ka tafasa. Yi mata wankan jego."
Buta goma sha ɗaya na zuba wa bututu
kafin ta yafe mini.

Yau Lantana ba ta tsaki.
Ta sayi mazurari, tana da littafin lissafi,
jiya ta ƙara ɗari biyu a kan kowace jarka.
Na ce, haba Lantana, man kwata?
Ta juya ƙosai, ko kallona ba ta yi ba:
"Gidan mai kake tsaye, yaro.
Bi layi."